Yadda mota ke kiran masu agaji da kanta idan ta yi haɗari

Tun daga ranar 31 ga watan Maris na shekarar 2018, doka ta wajabta wa duk wani sabon samfurin ƙaramar mota da za a amince da shi a ƙasashen Tarayyar Turai ya zo da na'urar da ake kira eCall.

Aikin na'urar shi ne ta buga lambar gaggawa ta 112 da zarar mota ta yi mummunan karo, ko da direban ya suma.

Hukumar Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa tsarin zai iya rage lokacin da masu ceto ke ɗauka kafin su isa wurin haɗari da kashi 40 cikin ɗari a birane, da kashi 50 a karkara.

Abin da ke faruwa bayan karo

A jikin motar akwai na'urori masu jin ƙarfin bugu, irin waɗanda ke sa jakar iska ta kariya ta fashe. Su ne ke tayar da kiran.

Kafin a ji muryar kowa, motar kan aika wasu taƙaitattun bayanai zuwa cibiyar agaji: wurin da take bisa lissafin tauraron ɗan'adam, lokacin haɗarin, lambar shasi, irin man da take sha, da kuma inda ta nufa.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin a babbar hanya mai hannu biyu shi ke nuna wa motar asibiti ɓangaren da za ta bi.

Daga nan sai layi ya buɗe, ma'aikacin cibiyar ya yi magana da mutanen cikin motar. Idan ya ji shiru, ba ya jira, sai ya tura masu ceto.

Akwai kuma maɓalli mai rubutun SOS, galibi a saman madubin gaba, wanda direba zai danna da hannu, misali idan ciwo ya kama wani fasinja, ko ya tarar da haɗarin wasu a kan hanya.

Tsarin Amurka

Kamfanin General Motors ya riga Turai, domin a shekarar 1996 ya ƙaddamar da OnStar a motocinsa na Cadillac.

Bambancin shi ne eCall kyauta ne, shi kuwa OnStar na kamfani ne, kuma akasarin hidimominsa sai an biya kuɗi. Kiran kan fara zuwa ne wurin ma'aikatan kamfanin, su kuma su tuntuɓi hukuma.

Sai dai hidimarsa ta fi faɗi. Ana iya buɗe wa mutum ƙofa daga nesa idan ya kulle makulli a ciki, a aika masa mai janwe idan motar ta mutu, ko a taimaka wa 'yan sanda su gano motar da aka sace, har ma a rage mata gudu.

Amma na'urar da ta san inda mota take, ta san halin mai tuƙa ta.

A shekarar 2024 jaridar New York Times ta ruwaito cewa General Motors na miƙa bayanan tuƙin mutane, kamar yawan gudu da taka birki da ƙarfi, ga wasu kamfanonin da ke hulɗa da masu inshora. Kamfanin ya daina hakan a shekarar, kuma a watan Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sanar da matakin hana shi yin haka na shekaru biyar.

Dokar Turai kuwa ta ce eCall ba za ta riƙa bibiyar mota ba, sai an yi haɗari ko an danna maɓallin take aika bayani.

Motocin Kwatano

Duka tsarin biyu sun dogara ne da layin wayar salula. Lokacin da manyan kamfanonin sadarwa na Amurka suka rufe layin 3G a shekarar 2022, maɓallin gaggawa na tsofaffin motoci da dama ya daina aiki, kuma wasu masu motocin ba su ma sani ba.

Wannan ya shafi masu sayen motocin hannu da ake shigowa da su Najeriya da Nijar. Maɓallin SOS na nan a jikinsu, wasu dillalai ma kan nuna shi a matsayin ƙarin daraja, alhali an haɗa shi ne da layuka da cibiyoyin ƙasar da motar ta fito.

A Najeriya, direban da ya yi haɗari zai fi samun biyan buƙata idan ya buga 122 ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ko 112, da wayarsa ta hannu.