Ciroman Katsina: Daga Elementaren Kankiya Zuwa Shugabancin Sojan Ƙasa

Shirinmu na musamman na yau zai waiwayi rayuwar marigayi Manjo Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina.

An haife shi a 1933, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, jikan Sarki Dikko. A elementaren Kankiya ya fara karatun boko, sannan ya wuce Midil ta Katsina da Kwalejin Barewa a Zariya. A 1956 ya shiga aikin soja, ya samu horo a Sandhurst ta Ingila, ya kuma je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango.

Ranar 15 ga Janairun 1966 wasu hafsoshi suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Arewa ta wayi gari cikin makoki, zukata na tafasa. A wannan hali aka ɗora wa Hassan, yana ɗan shekara 32, riƙon Jihar Arewa baki ɗaya. Bai nuna shi kaɗai ya iya ba. Ya jawo sarakuna da gogaggun ma'aikata irin su Malam Ali Akilu, ya riƙa neman shawararsu, har harkokin mulki suka ci gaba da gudana.

Da Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a 1967, Hassan ya shugabanci hukumar da ta kula da kadarorin da jihohin Arewa shida suka gada. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya zama babban hafsan sojan ƙasa. Ya yi ritaya a 1975, Allah ya yi masa rasuwa a watan Yulin 1995. Yau babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Katsina sunansa take ɗauke da shi.

Jama'a, a unguwanninmu akwai tsofaffin sojoji da matan da mazajensu suka kwanta dama a fagen daga. Mu ziyarce su, mu tallafa wa marayunsu, mu kuma kula da makarantun firamarenmu. Allah ya jiƙan Ciroma.