Idan Masara Ta Naɗe Ganye

Manoman Suleja da Tafa da Gurara ba su cika kukan gajeriyar damina irin ta ƙasar Katsina ko Sakkwato ba, domin ruwa kan sauka musu tun watan Afrilu ya kai Oktoba. Abin da ke cutar su shi ne a yi shuka sannan ruwa ya ɗauke kwana 10 ko fiye. A lokacin ne masara ke naɗe ganye, kuma wajibi ne malamin gona ya san abin da naɗin ke nufi.

A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ta nan shuka ke shaƙar iskar da take haɗa abincinta da ita, ta nan kuma ruwan jikinta ke fita. Da zarar ƙasa ta fara bushewa, shuka kan samar da wani sinadari da ke sa ƙofofin su rufe, ganye kuma ya naɗe don rage inda rana ke duka. Dabarar na ceton ruwa, amma muddin ƙofofin na rufe, haɗa abinci yana ja baya.

Masarar da ta naɗe da tsakar rana ta warware da yamma kare kanta take yi. Wadda aka tarar a naɗe da sassafe ita ce ke cikin wahala. Kada a zuba mata takin yuriya a busasshiyar ƙasa, a jira ruwa.

Ƙaramar masara kan farfaɗo bayan fari. Inda ake babbar asara shi ne lokacin fitar fure da gemu. Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake ɗauke da ita, kuma sai garin furen sama ya faɗo a kansa take ƙulluwa. Fari yana jinkirta fitar gemu, alhali garin furen kamar mako guda yake yi ya ƙare. Idan suka saɓa, ko ruwa ya dawo, goyon zai fito da giɓi. Manomi yakan zargi taki, amma tun a makon nan aikin ya ɓaci.

Saboda haka masu bincike ke zaɓen irin da gemunsa ba ya makara. Cibiyar IAR da ke Samaru, tare da IITA ta Ibadan, ta fitar da ire-iren SAMMAZ masu jure fari, ciki har da SAMMAZ 27 mai saurin nuna, wadda ke jure wuta-wuta kuma. Juriyar tana da iyaka, don haka kada a yi shuka da ruwan farko sai ƙasa ta jiƙe sosai, a kuma bar karmami da takin gargajiya su riƙe laima.

A tudu mai tsakuwa, inda ƙasa ba ta riƙe ruwa, dawa ta fi dacewa. Saiwarta ta fi ta masara yawa, kuma takan dakatar da girma har ruwa ya dawo.