Ƙaramar libarbar da aka manta a durowa: Yadda mariƙi ke raba kan masu tara bindigogi a Amurka

Labari ne da ake yawan ji a tsakanin masu tara tsofaffin bindigogi a Amurka. Mutum zai buɗe durowa ko akwatin marigayi mahaifinsa, sai ya ci karo da wata ƙaramar libarba naɗe cikin tsumma, wadda aka yi shekaru ba a taɓa ba. Bayan ya tabbatar babu harsashi a ciki, abu na farko da masana za su ce ya yi shi ne ya kwance mariƙinta ya leƙa bayansa, domin a nan ne rabin tarihinta da darajarta suke.

Sau da yawa bindigar da ake tsinta ita ce Chiefs Special ta kamfanin Smith & Wesson da ya yi suna a garin Springfield na Jihar Massachusetts. An fito da ita a shekarar 1950 a taron ƙungiyar shugabannin 'yan sanda ta duniya, kuma mahalarta taron ne suka zaɓa mata suna. A 1957, da kamfanin ya fara bai wa bindigoginsa lambobi, sai ta zama Model 36. Gangarta mai juyawa tana ɗaukar harsashi biyar samfurin .38 Special, hancinta bai cika inci biyu ba, nauyinta kuma ya ɗan haura rabin kilo. Babbar kishiyarta ita ce Detective Special ta kamfanin Colt, wadda ta riga ta fitowa tun 1927, mai ɗaukar harsashi shida.

Jami'an farin kaya da 'yan sandan da suka tashi daga aiki su ne suka fi riƙe ta, saboda tana ɓuya a aljihu. Daga shekarun 1980 zuwa 1990, rundunonin 'yan sandan Amurka suka koma ga bindigogin hannu masu sarrafa kansu irin su Glock, waɗanda suka fi ɗaukar harsashi. Ta haka ne ƙananan libarbobi masu yawa suka koma durowa.

Matsalar mariƙi ta samo asali ne daga ƙanƙantar bindigar. Na ainihi katako ne siriri guda biyu, sukuru ɗaya ke haɗa su, kuma babban mutum da ƙyar yake samun wurin ɗora ƙaramin yatsansa. Idan aka harba, bugun yana komawa cikin tafin hannu, kuma ƙarfen da ya kewaye kunama yana dukan ɗan yatsan tsakiya. Wannan ya sa mutane da dama suka cire katakon suka sa na roba, irin na kamfanonin Pachmayr da Hogue, wanda ya fi cika hannu kuma yake rage zafin bugu. Katakon kuwa aka jefa a kwandon tarkace.

A yau wannan katakon da aka wulaƙanta shi ake nema ruwa a jallo. A zamanin da, ma'aikatan Smith & Wesson suna goge kowane mariƙi da hannu har ya dace da jikin bindigarsa, sannan su buga lambar bindigar a cikin ɓarin dama. Idan lambar ta yi daidai da wadda ke gindin bindigar, an tabbatar ke nan ba a raba su ba tun daga masana'anta, kuma kuɗinta ya fi na wadda aka canja mata. Zanen da ke kan katakon ma yana faɗin shekaru: waɗanda aka yi kafin ƙarshen shekarun 1960 suna da wani fili mai siffar lu'ulu'u da aka bari ba a sassaƙa ba a kewayen sukuru.

A nan ne ra'ayin masu tarawa ya rabu. Wasu na ganin bindiga kayan tarihi ce, don haka duk abin da ba daga masana'anta ya fito ba ɓatanci ne. Wasu kuma na cewa an ƙera ta ne don a harba, kuma mariƙin da bai zauna a hannu ba ba shi da amfani komai kyansa. Akwai kuma masu tsaka-tsaki, waɗanda ke barin katakon asali su ƙara masa wani ɗan ƙarfe da ake kira Tyler T-Grip, wanda ke cike gurbin bayan kunama, kuma ana iya zare shi ba tare da ya bar tabo ba. Wasu sun fi son gajeren mariƙin katako irin wanda masassaƙi Craig Spegel ya shahara da shi, mai cike gaba amma bai zarce gindi ba.

Hatta siffar gindin tana da magana, domin akwai mai kewayayyen gindi da mai kusurwa, kuma mariƙin ɗaya ba ya zama daidai a jikin ɗaya. A baje kolin makamai na birnin Tulsa a Jihar Oklahoma, inda ake jera tebura fiye da 4,000, akwai 'yan kasuwar da hajarsu ta ƙunshi tsofaffin mariƙai zalla. Wanda yake son ƙarin tabbaci yana iya biyan kuɗi a ba shi takardar tarihi daga kundin kamfanin, mai nuna ranar da bindigar ta bar masana'anta da inda aka aika ta.

Sai dai ba kowace ake samu da lafiya ba. Roba tana riƙe gumi da danshi, don haka sau da yawa idan aka cire ta sai a tarar tsatsa ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashi. Kuben fata ma haka yake yi idan aka bar bindiga a ciki shekara da shekaru. Kuskuren da masu tarawa suka fi jin takaicinsa shi ne magaji ya kankare ta ya sake mata launi, yana ganin gyara ya yi, alhali ya zubar mata da daraja.

Duk wannan yana yiwuwa ne saboda dokar Amurka ta ba da dama, har ma tana ɗaukar bindigar da ta kai shekara 50 a matsayin kayan tarihi. A Najeriya lamarin ya sha bamban. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufanta ba ya fitar da ita daga jerin. Duk wanda ya tarar da irinta a cikin kayan gado, hanyar da ta dace ita ce ya sanar da 'yan sanda, kada ya ɗauke ta a matsayin abin tunawa da mamaci.