Maniyyi da ƙwayar haihuwa: yadda gaban namiji ke aiki

Kalmomin da Hausa ke amfani da su game da ruwan namiji, wato maniyyi, maziyyi da wadiyyi, daga Larabci suka shigo ta hanyar karatun fiƙihu. Ɗalibin Risala yakan gamu da su tun a babin tsarki. An rarrabe su ne don a san mai wajabta wanka da mai wajabta alwala, ba don bayanin haihuwa ba. Shi ya sa inda Faransanci ke da kalma biyu, sperme da spermatozoïde, mu ɗaya gare mu. A nan za mu ce maniyyi ga ruwan, ƙwayar haihuwa ga ɗan halittar da ke iyo cikinsa, wanda Leeuwenhoek ya bayyana a 1677.

Ƴaƴan maraina biyu ne ke ƙera ƙwayoyin, su kuma ke samar da testosteron, sinadarin da ke fito da gemu da kaurin murya lokacin balaga. Umurnin aikin yana zuwa ta jini daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ratayewar maraina a waje tana da dalili: aikin na son zafin da ya gaza digiri 37 na jiki da digiri 2 zuwa 3. Ƙwaya kan ɗauki fiye da wata biyu kafin ta kammala, sannan ta wuce cikin wani siririn bututu da ke naɗe bayan ɗan maraina, mai tsawon wajen mita 6 in an warware shi, inda take nuna. Daga nan wata hanya ke haurawa da ita kusa da mafitsara. Can ne wasu jakunkuna biyu da furostat ke zuba ruwansu, kafin duka ya fita ta azzakari.

Ga inda rashin kalma ke cutarwa. Ƙwayoyin ba su kai kashi 5 cikin 100 na maniyyi ba. Sauran duk ruwan rakiya ne. Ke nan mutum na iya samun ƙarfin gaba, ya fitar da maniyyi kamar kowa, alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Hangum da ya kama namiji bayan balaga, ko ciwon sanyin da ya toshe hanya, na iya jawo haka. Ido bai gani. Sai awo a likita. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ƙasa da ƙwaya miliyan 16 a mililita guda abin dubawa ne.

In malamin asibiti ya ce wa magidanci «maniyyinka bai isa ba», magidancin zai musa, don ya ga ruwa da idonsa, laifi kuma ya koma kan uwargida. Haka batun haihuwar ƴaƴa mata: ƙwayar namiji ce ke ɗauke da X ko Y, ƙwan mace kuwa X kaɗai gare shi. Muna ba masu fassara takardun kiwon lafiya shawara su riƙe kalmomin nan biyu dabam, ko da jimla za ta ƙara tsawo.