Kwanan 'Yan Makaranta A Karkarar Kano

Idan mutum ya fita birnin Kano ya yi arewa, ya kama hanyar Daura, ba zai ga daji ba. Gona ce take bin gona, gida yana hangen gida, tun daga bakin birni har Ɗambatta. Haka kuma ƙasar take ta wajen Minjibir, da Dawakin Tofa, da Bichi. Malamai sukan kai 'yan makaranta wannan ƙasa domin su ga abin da suka karanta a littafi, gama an ce gani ya kori ji. Waɗanda suke so su ga kasuwar Ɗambatta, wadda take ci ran Lahadi, tun daga fara cikarta, sai su tashi ran Asabar su kwana a wani ƙauye na kusa. To, yara talatin a ƙauye, ina za su kwana, wa kuma zai ciyar da su?

Saukar baƙi ba sabon abu ba ne ga mutanen wannan ƙasa. A zamanin da, fatake suna ratsa ta da jakuna da raƙuma, waɗansu da goro daga Gwanja, waɗansu da gishiri daga Bilma. Shugaban ayari shi ne madugu. In rana ta yi, sai ya sa a sauke kaya a bayan gari, kusa da rijiya. Wurin nan shi ake kira zango. Matan gari su fito da tuwo da fura na sayarwa, samari su kawo harawa domin dabbobi. Falken da yake da sani a cikin gari kuwa, sai ya sauka a gidan mai masaukinsa, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa masu saye. Ta wannan ƙasa wani Bajamushe mai yawon buɗe ido, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo daga Katsina, ya shiga Kano cikin watan Fabrairu na 1851. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, daga baya kuma motoci suka yawaita, sai zango ya mutu, amma al'adar karɓar baƙo ba ta mutu ba.

Yanzu a manyan garuruwa akwai masaukin da ake biya, amma a ƙauye babu. Saboda haka malami mai hankali ba ya faɗa wa mutane haka kawai da ayarin yara. Tun saura kwanaki yakan nemi izinin iyayen yara, sa'an nan ya aika wa dagacin ƙauyen da takarda ko ya buga masa waya, ya faɗi ranar zuwa, da yawan yara, maza nawa, mata nawa. Kowane yaro kuma ya ɗauro tabarmarsa, da mayafi, da kwano. In da damina ne a haɗa da gidan sauro, in da hunturu ne a haɗa da rigar sanyi, domin sanyin asuba na Disamba da Janairu ba wasa ba ne.

Da isarsu, kafin a kwance ko da ƙunshi ɗaya, sai malam ya wuce da su ƙofar gidan dagaci. Ya yi sallama, su tuɓe takalma, su durƙusa. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ga 'ya'yanka na kawo, sun zo neman ilmi." Dagaci ya ce, "Maraba da ku, Malam. Gida naku ne." Sai a kawo ruwa a ƙwarya, kowa ya sha. Daga nan a raba masauki. 'Yan mata da malamarsu su shiga cikin gida wurin mata. Maza kuwa a shimfiɗa musu a zaure, in kuma sun yi yawa a buɗe musu aji ɗaya a makarantar ƙauyen, su jera bencina gefe guda, su share, su shimfiɗa tabarmi.

Kwana a aji ba a nan kaɗai ake yinsa ba. A ƙasar Jamus cikin 1909, hadari ya rutsa da wani malami, Richard Schirrmann, da almajiransa a kan hanya, suka sami mafaka a makarantar wani ƙauye. Wannan dare ne ya sa shi tunanin a tanadar wa yara matafiya wuraren kwana masu araha. Ya buɗe irin wannan masauki a garin Altena, daga nan abin ya yaɗu zuwa ƙasashe da yawa. A karkarar Kano kuwa, mutanen gari ne da kansu suke ɗaukar wannan nauyi.

Bayan sallar magariba sai a ga yara suna ta shigowa zaure da kwanuka a ka, wannan daga gidan dagaci, wancan daga gidan liman, wancan daga gidan maƙwabci. Yawanci tuwon dawa ne da miyar kuka ko ta kuɓewa. Ba wanda zai ce a biya shi. Amma ya kamata baƙo ya san inda tuwon nan ya fito.

Mutane sun yi yawa a ƙasar nan, saboda haka gonar kowane magidanci ƙarama ce, ba kuwa halin a bar ta ta huta. Kowace shekara sai an noma ta. Abin da yake riƙe da ita shi ne taki. Da rani manomi yana kwashe takin awaki da tumaki, da tokar murhu, da sharar gida, ya kai gona a mangala bisa jaki ko a amalanke. Da damina ya shuka gero da dawa, ya sa wake ko gyaɗa a tsakaninsu. Dabbobinsa kuwa a turke suke har a gama girbi, kullum sai an yanko musu ciyawa. Ruwan sama wata huɗu ne ko biyar, abin da aka zuba a rumbu da kaka kuwa shi za a ci har wata kakar. Ashe kowace malmalar tuwo da aka ajiye gaban baƙo, daga abincin 'ya'yan mai gida aka gutsuro ta.

Don haka ne malami yakan tafi da ɗan buhun hatsi, da mai, da gishiri, ya ba da a dafa, don kada nauyi ya yi yawa. Don haka ne kuma ake yi wa yara dokoki. Kada a raina abinci, kada kuma a zubar. Kada a ɓarnatar da ruwa, gama da guga aka jawo shi, a ka aka ɗauko shi. Kada a ratsa cikin shuka, sai a bi hanya ko burtali. Kada a hau ɗorawa, ko kuka, ko tsamiya, domin a nan kowane itace da mai shi, kamar yadda kowace gona take da mai ita. Kada namiji ya wuce zaure sai da izini. In dare ya yi, kada kowa ya fita shi kaɗai ko babu fitila, saboda maciji da kunama. Kafin a kwanta malam ya kira suna, da asuba ma ya sake kira.

Gari na wayewa, bayan salla da koko da ƙosai, sai a naɗe tabarmi, a share ɗaki, a mai da bencina, a wanke kwanukan mutane a mayar musu. Sa'an nan a koma wurin dagaci a yi godiya da ban kwana. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, watau ba ya daɗewa. Amma halinsa yana daɗewa a bakin mutane. In yara sun nuna ladabi, baɗi ƙannensu za su tarar da ƙofa a buɗe. In kuwa sun tattake wake, sun karya reshe, sun yi wa mutanen ƙauye dariya, to, sun rufe wa na bayansu ƙofa, sun kuma ɓata sunan makarantarsu.

Tambayoyi

1. Mene ne zango, me kuma ya kashe shi?
2. Wane shiri malami yake yi kafin ranar tafiya?
3. Me ya sa ba a barin gona ta huta a karkarar Kano?
4. Faɗi abubuwa uku da aka hana baƙo, da dalilin kowanne.