Wankin Ciki a Farkon Kaka

Mai karatu, in damina ta ja baya, gero ya nuna, ka san lokacin masassara ya yi. Mutanen Indiya ma sun daɗe da lura da haka. Tsohon ilimin maganinsu, wanda suke kira Ayurbeda, ya raba shekara gida 6. Daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba suna kiransa Sharad, wato kakarsu.

Masu wannan magani sun ce akwai wani zafi a jikin mutum mai suna "pitta", wanda suke dangantawa da matsarmama. A ganinsu yana taruwa da damina, sai ranar kaka ta tayar da shi, ya kawo zazzaɓi da ƙuraje da zafin ciki. Don haka suke wankin ciki. Mutum zai yi kwana 3 zuwa 7 yana shan man shanu, sannan a ba shi maganin da zai sa shi zawo, kamar man zurma. Bayan haka sai ya yi kwanaki yana shan kunun shinkafa kafin ya koma cin abinci sosai.

Amma ka lura, ko a can ba kowa ake yi wa ba. Littattafansu sun hana a yi wa mai ciki, da ƙaramin yaro, da tsoho, da wanda ciwo ya raunana.

Mu ma nan muna jiƙa filasko don wanke ciki. To, wankin ciki yana korar masassarar kaka? A'a. A Indiyar nan ce, a shekarar 1897, likita Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin maleriya cikin cikin sauro. Sauro yana hayayyafa a ruwan da damina ta bari kwance. Ƙwayar da yake sa maka tana zama a hanta da jini ne, zawo kuwa ba ya kai wa can. Abin da yake fitarwa shi ne ruwa da gishirin jikinka. Yaro mai zazzaɓi in aka ƙara masa da zawo, yana iya galabaita cikin yini guda.

Wasu shawarwarinsu na kaka kam suna da kyau: abinci marar nauyi, ruwa mai tsabta, da gudun zafin rana. Riƙe waɗannan. In zazzaɓi ya kama wani a gidanka, kai shi likita a ranar, a gwada jininsa. In zawo ne, dama ƙunshi 1 na gishirin zawo a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma ci gaba da ba jariri nono. Kowa ya kwana cikin gidan sauro har sauro ya ɗauke.

Allah ya sa mu ci amfanin gona da lafiya.