Ko Kun Sani? Tarar da Faransa ta ci Rolex

A Disambar 2023, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci reshen Rolex na ƙasar tarar Yuro miliyan 91.6, saboda shafe sama da shekara 10 yana hana dillalansa masu izini sayar da agogo ta intanet. Hujjar kamfanin ita ce yaƙi da jabu, kuma damuwa ce ta gaske. Sai dai a ganina hukumar ta yi daidai, domin abokan hamayyarsa ma jabun bai ƙyale su ba, amma suna barin dillalansu su sayar ta intanet bisa sharuɗɗa. Tabbacin mai saye yana kan amanar dillali da katin garantin shekara 5 da yake miƙa masa, ko a kanti aka yi cinikin ko ta intanet.